Ƙaramin sitiyari: abin da ya kamata ku sani kafin ku cire na asali

Wani ɗan yayata da ke jigilar kaya tsakanin ƙauyukan Bichi da kasuwar Dawanau ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda direbobi ke kira Fijo. Ko sati bai yi da karɓar makulli ba ya shiga Kano ya dawo da wani ɗan sitiyari ja da baƙi, faɗinsa bai wuce na faifan rufe ƙwarya ba. Na asalin, baƙi faffaɗa wanda rana ta tsattsaga robarsa, sai ya rataye shi a jikin darbejiyar ƙofar gida. A kan kwalta abin ya yi masa daɗi, har yana cewa motar ta koma yarinya. Da rani ya ja aka fara kai taki gona, ya yi lodi, ya bi burtali mai yashi, ya zo juyawa a bakin gona, a nan jiki ya gaya masa. Da la'asar na same shi zaune yana matsa kafaɗa.

"Kawu, ina jin rak ɗin motar nan ya tafi. Sitiyari ya yi tauri kamar an ɗaure shi da igiya."

Na ce masa kafin ya kai wa bakanike kuɗinsa, ya fara sauko da abin da ya rataye a bishiya.

Ba shi kaɗai ba ne. Wanda ke zama a tashoshin motarmu, daga Dambatta zuwa Tsanyawa, ya san samarin direbobi na son wannan ɗan sitiyarin. Ba na ganin laifinsu, domin yana da kyan gani, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, kuma mutum na son abin hawansa ya fita daban. Damuwata ita ce masu sayarwa ba sa faɗa wa mai saye abin da zai biya bayan kuɗin, alhali a duk cikin mota babu ƙarfen da ran direba da na fasinja ya rataya a kansa kowace daƙiƙa kamar wannan.

Duk wanda ya taɓa buga famfon tuƙa-tuƙa ya riga ya san rabin maganar. In ka kama hannun famfon daga can ƙarshensa, ko yarinya 'yar shekara bakwai tana fitar da ruwa. Matso da hannunka kusa da kan famfon, sai ka ga ƙato yana gumi ruwa na fita da ƙyar. Famfon bai canza ba, zurfin rijiyar bai ƙaru ba, tsawon abin da ka kama ne ya ragu. Haka mai faci yake yi idan notin taya ya ƙi kwancewa: ya zura dogon bututun ƙarfe a jikin sifana ya taka. Sitiyari shi ne wannan hannun famfon, an dai lanƙwasa shi ya zama zagaye don ka samu wurin kamawa ta kowane ɓangare. Tazarar da ke tsakanin notin tsakiya da bakin da kake riƙewa ita ce tsawon bututunka. Ka rage faɗin sitiyari, ka yanke bututun.

Lissafin ba shi da wuya, kuma da tef ɗin tela za ka iya yin sa. Sitiyarin ƙananan motoci na yau yawanci faɗinsa santimita 37 zuwa 38 ne, na tsofaffin motoci kan kai 40, na manyan motocin kaya 45 zuwa 50 har sama da haka. Waɗanda ake sayarwa na ƙwalisa kuwa daga 35 suke sauka zuwa 30, akwai ma na 28. Ka raba faɗin tsohon da faɗin sabon, abin da ya fito shi ne yawan ƙarin ƙarfin da za ka riƙa sawa. Daga 40 zuwa 32 ƙarin kashi 25 cikin 100 ne. Daga 38 zuwa 30 kusan kashi 27. Daga 40 zuwa 30 sulusi ne cur. Mu ƙaddara juya mota a tsaye yana cin ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 12 da babban sitiyari. Da ƙaramin, kilo 16 zai ci. Kilo huɗu ba wani abu ba ne sau ɗaya. Amma ranar kasuwa, a Dawanau, inda za ka yi gaba ka yi baya sau goma kafin ka saita mota bakin shago tsakanin tirela da 'yan dako, sannan ka maimaita a wuri biyar, kafaɗa da wuyan hannu su ne za su ba ka jimilla da daddare.

Akwai abin da yawancin masu saka shi suka yi imani da shi, wai ƙaramin sitiyari yana sa mota ta fi saurin shan kwana. Wannan kuskure ne, kodayake na san inda ya samo asali. A ƙarshen sandar sitiyari akwai ɗan ƙaramin giya da ke tafiya a kan wata sandar ƙarfe mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, ita ce rak. Manyan motoci da wasu tsofaffi akwati suke da shi a maimakonta. Waɗannan haƙoran ne ke yanke hukuncin digiri nawa taya za ta juya idan sitiyari ya yi zagaye ɗaya. A ƙananan motoci, sitiyari kan juya digiri 12 zuwa 20 kafin taya ta juya digiri ɗaya. Motar da ba ta da pawa, wato na'urar da ke taimaka wa direba juya sitiyari, takan buƙaci zagaye huɗu ko fiye daga ƙurewar hagu zuwa ƙurewar dama, mai pawa kuma wajen uku. Da gangan masu ƙera mota suka yi haka: sun ƙara yawan zagaye don su rage wa direba nauyi. Ko ka saka sitiyari kamar murfin kwano, zagaye huɗun nan suna nan, filin da mota ke buƙata ta juya ma bai ragu da taƙi ɗaya ba.

Abin da ya ragu shi ne tafiyar hannu. Zagaye ɗaya na sitiyari mai faɗin 38 tafiyar santimita 119 ce a hannunka, na mai faɗin 30 kuwa 94. Shi ya sa direba ke jin kamar mota ta ƙara kuzari. A cikin gari, a hankali, wannan yana da daɗi. A kan titin Kano zuwa Katsina kuwa, da gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Akuya ta faɗo titi, ko ɗan acaɓa ya fito daga lungu, ka zabura ka fizgi hannu santimita biyar. A sitiyari mai faɗin 40 ka juya shi digiri 14, a mai faɗin 30 ka juya digiri 19. Hannunka bai san ka canza sitiyari ba. Abin da ya saba shekara da shekaru shi zai yi. Motar da aka jibga wa buhuna har sama da rufi, ga mutane zaune a kai, wannan ɗan bambancin ya ishe ta ta yi tangal-tangal, kuma gyaran da za ka yi don dawo da ita shi ma zai zarce.

Motocin farko ma ba su da sitiyari, wata sanda ake karkatawa irin ta jirgin ruwa. A tseren da aka yi daga Faris zuwa garin Rouen a Faransa a 1894, wani mai suna Alfred Vacheron ya shiga da motar Panhard da ya saka wa zagayen tuƙi, kuma cikin 'yan shekaru kowa ya koma gare shi. Da motoci suka ƙara nauyi, sai zagayen ya yi ta faɗi, domin ba wata dabara sai ƙarfin damtse. Wanda ya taɓa leƙa gaban tsohuwar Bedford mai bodin katako, irin waɗanda suka yi jigilar gyaɗa a ƙasar nan, ya ga sitiyarin da sai direba ya buɗe hannuwa kamar zai rungumi kuka. Wani injiniyan Amurka, Francis Davis, ya gwada pawa mai aiki da mai tun 1926, amma sai a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da motar hawa da ita. Mai aiki da lantarki kuwa ta fara fitowa a wata ƙaramar Suzuki a Japan a 1988. Ku lura da jerin: sai da taimako ya zo, sannan sitiyari ya fara ƙanƙancewa. Mu a garejinmu muna ƙanƙantar da shi ba tare da mun kawo taimakon ba.

To daga ina son ƙaramin ya fito? Daga filin tsere, da kuma wata al'ada ta Ingila ta sayen mota a wargaje a haɗa ta a gida. A 1957 Colin Chapman ya fitar da Lotus Seven, 'yar mota mai kujera biyu da ake sayarwa gunduwa-gunduwa, domin a lokacin harajin saye bai hau kan motar da ba a haɗa ba. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, kuma har yau ana yin ta. Irin wannan motar nauyinta bai wuce rabin tan da 'yan kai ba. Mazaunin direba matsattse ne, ƙafafunsa a miƙe, babban sitiyari ba zai bar wa gwiwa wuri ba. Titin da take bi sumul. A nan ƙaramin sitiyari yana da hujja: nauyin da ke kan tayoyin gaba kaɗan ne, don haka ko ba pawa hannu na iyawa. Duk da haka masu haɗa irin waɗannan motocin kan koka da tauri wurin fakin idan suka wuce gona da iri, ko suka ƙara faɗin taya. Motocin babban tseren duniya, masu sitiyari kamar allon ɗalibi, suna da pawa, kuma direbansu ba ya taɓa juya shi zagaye ɗaya cikakke.

Mu ma muna da namu haɗe-haɗen, har mun fi su. A da, ita kanta Fijo 504 a akwatuna take zuwa daga Faransa, a haɗa ta a masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. A wancan zamani Steyr na haɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi, ana haɗa na Fiat a nan Kano. Bambancin shi ne waɗancan an auna musu komai tun daga can: nauyin inji, girman taya, haƙoran rak, faɗin sitiyari, duk lissafi ɗaya ne. Motar da ta kai shekara talatin tana bin hanyoyin Kunchi da Makoda kuwa, da wuya ka samu rabin jikinta na asali. Inji an sauke an ɗora wani, sau da yawa na dizal wanda ya fi nauyi. Rim na wata mota ne. An yi wa gaba kariyar ƙarfe a wurin mai walda. An ƙara ganyen sifirin a baya. Kayan duk daga Ƙofar Ruwa, wasu sababbi, wasu 'yan Beljiyam. Ina girmama hikimar bakanikenmu, don ba domin ita ba da hatsin ƙauye bai isa kasuwa ba. Sai dai kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauyen nauyi yake ƙara wa sitiyari. Wanda ya ɗora ƙaramin zagaye a kan irin wannan motar ya ƙara wa jaki kaya ne, sannan ya rage masa harawa.

Ga kuma ƙasar da muke takawa. Arewacin Kano jigawa ce, gona na manne da gona, hanyar da ke tsakaninsu burtali ne da aka yi domin shanu da jakuna da amalanke. Babu filin yin kwana mai faɗi. Sai dai gaba kaɗan, baya kaɗan, kana murza sitiyari mota na tsaye. Lokacin da sitiyari ya fi tauri ke nan, domin taya ba birgima take yi ba, murje ƙasa take yi a wuri ɗaya. A kan yashi mai laushi taya na nutsewa, sai ta zama tana tura tudun yashi da gefenta duk lokacin da ka juya. Da damina taɓon fadama, wajen madatsar Watari ko ta Tomas inda ake ɗauko kayan lambu, shi ma riƙe taya yake yi. Dabarar tsofaffin direbobi ita ce kada ka murɗa sai mota ta ɗan motsa, ko da tafiyar hawainiya ce. Tana sauƙaƙa wa hannu, tana kuma tsawaita ran tayarod.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarfin da ke dawowa. Hanyar da hannunka ke bi ya juya taya, ita taya ke bi ta juya hannunka. Idan tayar gaba ta daki kututture a cikin ciyawa, ko ta faɗa rami, ko ta hau kunyar gona a karkace, sai sitiyari ya fizge. Da babba kana da dogon bututu na tare shi. Da ƙarami, sulusin ƙarin nan da muka lissafa yana nan a wannan ɓangaren ma. Mafi muni shi ne fashewar tayar gaba a guje, abin da ba baƙo ba ne a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwalta ta yi jau, tayoyin kuma tsofaffi. Mota takan ja da ƙarfi zuwa gefen da tayar ta fashe, kuma abin da ake so shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a saki totur a hankali, kada a danna birki da ƙarfi. A wannan daƙiƙar kowane santimita na faɗin sitiyari yana da rana. Wata shawara da ta shafi kowa, babba ne sitiyarinka ko ƙarami: a hanya mai gargada kada ka zura babban yatsa cikin zagayen, ka kwantar da shi a kan bakin. Direbobin tarakta da dama sun san zafin targaɗen babban yatsa.

Wani zai ce tasa mai pawa ce, wannan magana ba ta shafe shi ba. Gaskiya ne muddin pawa na aiki ba zai ji nauyin sosai ba. Amma pawa mai mai famfo ce da bel ke juyawa daga inji. Bel ya tsinke, ko tiyo ya fashe mai ya tsiyaye, ko inji ya mutu a tsakiyar kwana, taimako ya ɗauke nan take. Kuma motar da aka ƙera da pawa, idan pawar ta ɗauke, ta fi wadda ba ta da ita tun asali tauri, saboda haƙoranta na saurin juyawa ne, ba na sauƙi ba. Motoci nawa ne ke yawo a hanyoyinmu da famfon pawa da ya daɗe da mutuwa, an cire bel an ci gaba da tafiya? Da masu kashe inji a gangara don tsimin fetur? Waɗannan su ne mutanen da ƙaramin sitiyari ya fi zame wa haɗari.

Yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau kuma suna da wani abu a cikin cibiyar sitiyari: jakar iska da ke kumbura cikin ƙiftawar ido ta tare ƙirji da fuskar direba idan an yi karo. Sitiyarin ƙwalisa ba shi da ita. Ka cire na asali, ka cire jakar. A bayansa akwai wata siririyar waya da ke naɗe kamar gammo, ita ke kai wuta ga jakar da ham duk yadda ka juya. In an taɓa ta ba da sani ba sai ta tsinke, fitilar gargaɗi ta kama. Abin da wasu ke yi a nan shi ne su kashe ƙwan fitilar, ko su liƙe ta da baƙin salatif. Ba na jin akwai launin fata ko ɗinkin da ya kai a ba da jakar iska a karɓe shi. Ko a tsohuwar mota marar jaka, sitiyarin kamfani an yi shi ne yadda zai lanƙwashe idan ƙirji ya dake shi, tsakiyarsa da taushi, sandar kuma tun ƙarshen shekarun 1960 ake yin ta yadda za ta shige cikin kanta maimakon ta soki direba. Na jabu da ke cika kasuwa suna kwaikwayon sunayen kamfanonin Italiya irin su Momo da Nardi, ƙarfensu sirirai ne, ka sa ƙarfi da hannu biyu za ka ji yana lanƙwasa. Notuna shida ko biyar tsirara a tsakiya, daidai saitin ƙirji.

Wurin haɗi shi ne inda na fi ganin ganganci. Kan sandar sitiyari yana da ƙananan haƙora zagaye da shi, kuma yawansu da kaurin sandar sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ƙaramin sitiyari ba ya hawa kai tsaye, sai da wata mahaɗa da aka yi domin wannan motar takamaimai. Idan ba a samu daidai ba, sai ka ga an buga da guduma, ko an cusa guntun gwangwani a cike giɓi, ko an kira mai walda ya ɗiga wuta. Zai riƙe yau, ya riƙe gobe. Gargadar hanyar burji na cin haƙoran a hankali, har ranar da za ka juya sitiyari ya zagaya shi kaɗai tayoyi na kallon gaba. Wannan ciwon ɗaya ne da na motocin da ake shigowa da su da sitiyari a hannun dama, a yanka a mayar hagu a gareji. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama na titi tun 2 ga Afrilun 1972, shi ya sa sitiyarinmu ke hagu, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗancan motocin. Walda ba ta da gurbi a sandar sitiyari.

Akwai ƙananan matsaloli da ba sa kisa amma suna damun mai tuƙi kullum. Bakin ƙaramin zagaye yakan faɗo daidai kan maleji da agogon zafin inji, sai ka leƙa kafin ka gani. Sigina takan daina kashe kanta bayan kwana. Sandar sigina ta yi nisa da yatsa, ko ta matso har tana bugun hannu. Ham ya koma wani maɓalli da aka liƙa a gefe, wanda a lokacin buƙata sai ka saki sitiyari ka laluba. Ga wani da ba kowa ya lura da shi ba: ƙaramin sitiyari na ɓoye lalacewa. Idan rak ko tayarod sun ci, sitiyari kan yi wasa kafin taya ta amsa. Wasan digiri 10 a mai faɗin 40 santimita uku da rabi ne a hannu. A mai faɗin 30 bai kai uku ba. Direba sai ya ji kamar mota ta ɗaure, alhali ƙarfen da ya ci yana nan yana ƙara ci.

Idan sitiyarinka ya yi tauri kuma na asali ne, kada ka fara da zargin rak. Je wurin mai faci a auna iska da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba; adadin da kamfani ya ce yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki a yawancin motoci, kuma tayar da iskarta ta ragu ita ce sanadin da ya fi yawa, ya fi araha gyara. Duba ko an saka taya mai faɗi fiye da ta asali, ko rim da ya turo taya waje, don duka biyun na ƙara nauyi, na biyun yana ƙara fizga. Sannan a ɗaga gaban mota a kan jak biyu da waigi mai kyau, a juya sitiyari tayoyi na sama. In ya yi sauƙi, matsalar tana ga taya, ko alaimen, ko nauyin da aka ɗora wa gaba. In har yanzu da tauri, to wani abu ya bushe: boljoyin, ko gaɓar da ke ƙasan sandar sitiyari, ko kinfin a manyan motoci, ko robar da ke rufe bakin rak ta yage ƙurar hunturu da yashi sun shiga sun gauraya da giris sun zama kamar dutsen niƙa. Giris na ɗari kaɗan ya sha warkar da abin da aka yi niyyar kashe wa dubbai. Akasin haka ma abin tsoro ne: idan ka yi lodi har bayan mota ya zauna, sitiyari ya yi maka sakayau kamar ba ya taɓa ƙasa, ba daɗi ba ne, tayoyin gaba ne suka rasa riƙo. A matso da kaya gaba, ko a rage.

Ban ce babu wanda ke da uzuri ba. Dogon mutum da gwiwarsa ke gogar sitiyari duk lokacin da zai taka kuloci, ko mai jiki da ba ya iya shiga sai da dabara, buƙatarsu ta gaskiya ce. Su fara da kujera: sau da yawa layin da take zamewa a kai ya yi tsatsa ne, ko an yi mata ciko da soso ta yi tudu. Motoci da dama kuma suna da ɗan hannu a ƙasan sandar da ke ɗaga sitiyari sama, mai motar bai taɓa sani ba. In duk wannan bai yi ba, kuma motar ba ta da jakar iska, a rage kaɗan: daga 40 zuwa 37, ko daga 38 zuwa 35, ƙarin nauyin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Mafi kyau a nemi sitiyarin kamfani na wata motar gida ɗaya wanda haƙoransa suka hau daidai ba tare da guduma ba. Kafin ka biya, yi wannan gwajin a ƙofar gida: auna santimita 15 daga notin tsakiya a kan hannuwan sitiyarinka na yanzu, ɗaura ƙyalle a wurin, ka kama nan ka juya mota tana tsaye a kan yashi, daga ƙurewa zuwa ƙurewa, sau uku. Abin da ka ji shi ne abin da sitiyari mai faɗin 30 zai riƙa ba ka kullum.

Ɗan yayata ya sauko da nasa washegari. Aka wanke shi da omo, wani baduku ya naɗe masa bakin da jar fata ya ɗinke, tsagar robar ta ɓace. Bakaniken ya saita tayoyi suka kalli gaba sak kafin ya zura shi a kan haƙoransa, ya ɗaure notin tsakiya, ya mayar da wayar ham. Da ya ɗaga gaban motar kuma sai ga robar rak ta hagu a yage, yashi cike da ita, aka canza ta a ranar. Ɗan ja da baƙin yanzu shi ke rataye a jikin darbejiya, yaran gidan na tuƙa shi zuwa Dawanau da baki.